Wa zai nuna wa ɗan Aborijin hanyar sana'a?

Duk wanda zai zaunar da saurayi ko budurwa daga cikin Aborijinawa, wato 'yan asalin Ostareliya tun kafin zuwan Turawa, ya tambaye su aikin da suke sha'awa, ya kamata ya shiga ɗakin da sanin cewa an taɓa zaɓa wa kakanninsu aiki, ba a kuwa tambaye su ba. A jihar New South Wales akwai gidan 'yan mata na Cootamundra, wanda ya yi aiki sama da shekara hamsin kafin a rufe shi a 1969. 'Yan matan da aka raba da iyayensu da ƙarfin doka ake tarawa a can, a koya musu wanki da guga da goge daɓe da girkin Turawa, da yarinya ta tasa sai a tura ta aikatau gidan wani Bature. Takwaransa na maza shi ne Kinchela, daga 1924 zuwa 1970, inda ake horar da yara aikin gona da kiwo, ana kiran kowa da lamba maimakon sunan da uwarsa ta raɗa masa. A jihar Queensland kuwa, albashin ma'aikaci ɗan Aborijin ba hannunsa yake shiga ba. Asusun hukuma ake zubawa, in yana son taɓa guminsa sai ya je gaban ɗan sanda ya nemi izini. Da yawa sun mutu ba su ga kuɗin ba. Sai a 2019 gwamnatin jihar ta yarda ta biya dalar Ostareliya miliyan 190, bayan ƙarar da wani dattijo, Hans Pearson, ya jagoranta a madadin dubban mutane.

Masu waɗancan gidaje ba su ɗauki kansu azzalumai ba. A ganinsu sana'a suke koya wa yara, makoma suke shirya musu. Shi ya sa idan yau wani jami'i ya zo da takarda da murmushi ya ce zai taimaka wa yaro ya gano aikin da ya dace da shi, kakar yaron da ke zaune a gefe tana da dalilin ƙura masa ido. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ra'ayina a wannan batu shi ne, shawarar sana'a ga Aborijinawa dole ta tashi daga cikin al'adarsu, a hannun mutanensu, in ba haka ba ɓata takarda ce kawai. Amma ina da fargaba ta biyu da ba ta gaza ta farko ba: a ɗauki kalmar al'ada a sake yi musu shinge da ita, a ce ɗan Aborijin sai kula da daji, sai zane, sai ƙwallo. Al'ada ita ya kamata ta tsara yadda ake zaman shawarar, da wanda ke ba da ita, da sharuɗɗan da za a nema wa yaro a wurin aiki. Ba aikinta ba ne rage masa yawan ƙofofin da zai ƙwanƙwasa.

Girman lamarin ba ƙarami ba ne. A ƙidayar 2021, mutum sama da 812,000 ne suka ce su Aborijinawa ne ko 'yan tsibiran mashigin Torres, wato kashi 3.2 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Rabinsu ba su haura shekara 24 ba, alhali a ƙasar baki ɗaya wannan ma'aunin yana kan 38. Al'umma ce ta yara da matasa. A yarjejeniyar cike giɓin da ke tsakaninsu da sauran 'yan ƙasa, wadda gwamnatocin ƙasar suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin Aborijinawa a 2020, an yi alkawarin kai yawan masu aikin yi a cikin 'yan shekara 25 zuwa 64 ya zama kashi 62 cikin 100 nan da 2031. A 2021 suna kan kashi 55.7. Na matasa daga 15 zuwa 24 masu aiki ko karatu ko koyon sana'a, ana son kashi 67, suna kan 58.

To da wane kayan aiki ake tunkarar waɗannan matasa? Sana'ar ba da shawara kan aiki a Amurka aka haife ta. Frank Parsons ya buɗe ofishinsa a Boston a 1908 da tunanin cewa mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke kasuwa, sannan a haɗa biyun. Daga baya John Holland ya kasa mutane da ayyuka gida shida, kuma har gobe takardun gwajin da ake raba wa ɗalibai a makarantu jikokin wannan tsari ne. Ba na raina shi, ya amfani miliyoyin mutane. Amma mutumin da aka zana tsarin dominsa shi kaɗai ne a duniya. Yana iya tattara jakarsa ya bi aiki duk inda yake, albashinsa nasa ne, kuma in an ce ya faɗi abin da ya fi kowa iyawa, bakinsa ba ya nauyi.

A kawo wannan takarda gaban yaro ɗan shekara 16 a wata makarantar kwana a birnin Darwin, wanda garinsu ke can cikin Arnhem Land, yankin Aborijinawa a arewacin ƙasar, kuma Turanci shi ne harshensa na uku ko na huɗu. Malama ta zauna tana fuskantarsa, teburi a tsakani, tana son su haɗa ido. Kana son gyaran inji? Ya ce e. Kana son aikin ofis? Ya ce e. Kana son shugabantar mutane? Ya sunkuyar da kai. A ina kake ganin kanka nan da shekara biyar? Shiru. Malama ta jira daƙiƙa uku, shirun ya dame ta, ta tsallaka tambaya ta gaba. A ƙarshe ta rubuta cewa yaron ba shi da buri, a gwada shi a kwas ɗin share fagen aiki. Ba mugunta ta yi ba, karatun da ta iya ta yi. Amma duk abin da ta gani ta karanta shi a baibai. A gidaje da yawa na Aborijinawa, jefa wa mutum tambaya kai tsaye rashin ladabi ne, ƙura wa babba ido ma haka, kuma shiru wani yanki ne na magana, ana barin sa ya yi tsawonsa. Masaniyar harshe Diana Eades ta shafe shekaru tana nuna wa kotunan ƙasar cewa "e" ɗin da ɗan Aborijin ke ba mai iko sau da yawa ba amincewa ba ce, hanya ce ta sallamar mai matsa masa. Shugabantar mutane kuwa, yaron ya san akwai kawunnai da kakanni a gabansa, faɗin haka da bakinsa abin kunya ne.

Su kansu idan baƙi biyu suka haɗu, ba da "me kake yi" ake farawa ba. Ana tambaya ne su wane ne danginka, wace ƙasa ce taku. Sai an gano inda mutum ya faɗa a cikin zumunci sannan a san yadda za a yi magana da shi. Mai ba da shawarar da ya san wannan, shi zai fara gabatar da kansa da nasa asalin. Ba zai zauna gaba da gaba ba, zai zauna gefe da gefe, ko a mota ana tafiya, ko a bakin ruwa ana kamun kifi, a yi ta hira tana zagaye har ta iso inda ake so. Zai nemi a kira inna ko kawu ko kaka, domin shawarar da yaro ya yanke shi kaɗai a ofis, a ƙofar gida take mutuwa. Wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba ta shiga cikin minti ashirin da aka ware wa kowane ɗalibi. Nan ne ake fara samun saɓani da masu rabon kuɗi.

Akwai kuma abubuwan da takardar gwaji ba ta da gurbinsu sam. A yankuna da dama akwai dangin da mutum ba ya magana da su, ba ya ambaton sunansu, ba ya zama ɗaki ɗaya da su. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan kunyar surukai, sai dai tasu ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba, kuma a wasu wuraren har tsakanin wa da ƙanwa akwai irinta. A ƙauye mai mutum ɗari uku da asibiti ɗaya, yarinyar da ke son aikin jinya dole a zauna da ita a yi lissafin waɗanda ba za ta iya dubawa ba, da yadda za a tsara aiki da abokin aiki namiji. Sai zaman makoki. Dokar ƙwadago ta ƙasar kwana biyu ta ba ma'aikaci idan ya yi rashin na kusa. Bikin binne mamaci a wasu al'ummun yana ɗaukar mako guda ko fiye, a gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, kuma wanda dokar ofis ba ta kira ɗan'uwa na kusa ba, a lissafinsu uba ne ko uwa. Tunda tsawon ran Aborijinawa ya gaza na sauran 'yan ƙasa da kimanin shekara takwas, rashin ma ya fi yawa. Matashi yakan samu aiki, wata uku a yi rasuwa, ya tafi, kunya ta hana shi bugo waya ya ce zai daɗe, ya dawo ya tarar an sallame shi, ko ma ya ƙi dawowa don kada a yi masa faɗa a gaban mutane. Mai ba da shawara nagari tun kafin a fara aiki zai zaunar da yaron da mai gidan aikin a yi wannan magana. Wasu ma'aikatu sun riga sun sa hutun al'ada a ƙa'idojinsu, ba su kuma rushe ba. Haka zancen albashi. Ranar biya hannuwa da yawa ke miƙowa, kuma hana ɗan'uwa abu babban laifi ne. Koya wa yaro yadda zai ware asusun da ba ya taɓuwa ba tare da ya yanke zumunci ba, wannan ma shawarar sana'a ce, ta ma fi rubuta takardar neman aiki amfani.

Inda na fi ganin hujjar masu cewa a gina aiki a kan al'ada shi ne labarin wuta a yammacin Arnhem Land. Shekaru dubbai mutanen yankin suna ƙona daji da gangan a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, wuta ƙanana nan da can, masu mutuwa da kansu idan raɓa ta sauka. Da aka kwashe mutane zuwa garuruwan mishan, dajin ya zama ba mai kula, sai gobarar ƙarshen rani ta riƙa cinye dubban murabba'in kilomita a tashi ɗaya. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin ConocoPhillips, wanda a lokacin yake da masana'antar iskar gas a Darwin: zai riƙa biyan kimanin dala miliyan ɗaya a shekara, masu ƙasar su dawo da ƙonan gargajiya a yanki mai faɗin murabba'in kilomita 28,000, a rage hayaƙi mai ɗumama duniya da tan 100,000 duk shekara. Aikin ga yadda yake. Dattijo yana zaune a jirgi mai saukar ungulu yana nuna inda za a saki ƙwayoyin kunna wuta da inda ba za a kusanta ba saboda akwai wuri mai tsarki ko zanen kakanni a jikin dutse. Matashi yana riƙe da na'ura yana bin taswirar tauraron ɗan'adam da ke nuna tabon wutar bara. A ƙasa wasu na tafe da ashana da injin hura ganye a baya, da shi suke kashe bakin wuta. Yaron da ya shiga wannan aiki yana koyon sunayen itatuwa da harshen kakarsa, yana kuma koyon karanta taswira, gyaran mota, rubuta rahoto, lissafin hayaƙi. A Kabulwarnamyo, ƙaramin matsugunin da dattijo Bardayal Nadjamerrek ya koma ya kafa a ƙasar kakanninsa, aikin ya kankama har ma'aikatan suka ga rashin makaranta na tilasta musu barin wurin saboda 'ya'yansu, sai suka buɗe tasu a 2015. Gwamnatin tarayya ta fara biyan albashin irin waɗannan masu kula da daji da teku tun 2007, yanzu kuma ta yi alkawarin ninka yawansu zuwa 3,800 nan da 2030.

Haka abin yake a harkar lafiya. Asibitin farko da Aborijinawa suka kafa da kansu a unguwar Redfern ta Sidni aka buɗe shi a 1971, yau irinsa sun haura 140 a faɗin ƙasar, kuma suna cikin manyan masu ɗaukar Aborijinawa aiki. Mace takan shiga a matsayin direba ko mai karɓar baƙi, ta zama ma'aikaciyar lafiya, daga nan wata ta wuce karatun jinya. Ba wanda ya ba ta takardar gwaji. Ta ga 'yar ƙanwar babarta a cikin farin kaya ne, ta ce ashe ana iyawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai daga nan ne nake rabuwa da wasu masu wannan kira. Idan ana zancen Aborijinawa, hoton da ke zuwa wa mutane, har da 'yan Ostareliya, shi ne jan rairayi da dattijo mai fenti a jiki. Amma kimanin kashi 15 ne kawai ke zaune a lunguna masu nisa. Sauran suna manyan birane da garuruwa, jihar da ta fi yawansu ma ita ce New South Wales. Yarinyar da ta tashi a yammacin Sidni, wadda aka raba kakarta da harshenta tun tana jaririya, al'adarta ba ta ƙone daji ba ce. Al'adarta ita ce danginta, da tarihin abin da aka yi musu, da nauyin ƙanne da take ɗauke da shi. Idan ta ce lissafi take so, aka ce ko za ki gwada zanen gargajiya, an zalunce ta da sunan girmamawa.

Tarihin Lowitja O'Donoghue ya isa gargaɗi. An ɗauke ta daga hannun uwarta tana shekara biyu, ta tashi a gidan mishan na Colebrook, tana shekara 16 aka tura ta aikatau. Ta yi aikin taimakon jinya a wani ƙaramin asibiti, sannan ta nemi shiga horon babban asibitin Adelaide. Shugabar ma'aikatan jinya ta tsayar da ita a baranda, ko kujera ba ta ba ta ba, ta ce ta tafi Alice Springs ta yi jinyar mutanenta. A lura da kyau, ba ce mata aka yi ba ta iya ba. Ce mata aka yi wurinta yana can cikin 'yan'uwanta. Ta ƙi, ta yi ta fafutuka har aka karɓe ta a 1954, ta kai matsayin shugabar ɗakin marasa lafiya, ta je ta yi aiki a Indiya, daga baya a 1990 ta zama shugabar farko ta hukumar Aborijinawa ta ƙasa. Ta yi wa mutanenta hidima har ta rasu a 2024, amma ita ta zaɓi ƙofar da ta bi. Duk lokacin da na ji ana cewa a karkata matasa zuwa ayyukan da za su amfani al'ummarsu, maganar tana da daɗi, amma ina tambayar wa ya yanke cewa injiniyan jirgin sama ko akanta ba ya amfanar al'ummarsa.

Wasan ƙwallo ma haka. Gidauniyar Clontarf, wadda Gerard Neesham ya kafa a Perth a 2000, tana jan samari zuwa makaranta da ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya, kuma ta riƙe yara da yawa da da sun watse. Ban ga laifinta ba. Amma an daɗe ana zuba kuɗi a kan samari kafin a waiwayi 'yan mata da irin wannan shiri, kuma ƙasar da ta saba tafa wa ɗan Aborijin a fili tana bukatar ta saba ganinsa a ɗakin tiyata. Helen Milroy ta zama likita ta farko daga cikinsu a 1983. Kelvin Kong ya zama likitan tiyata na farko, ya kuma zaɓi kunne da hanci da maƙogwaro, fannin da ya shafi ciwon kunnen da ke kurmantar da yaran Aborijinawa tun kafin su shiga aji ɗaya. Chris Sarra, wanda ya karɓi shugabancin makarantar Cherbourg, wani garin Aborijinawa a Queensland, a 1998, ya gina aikinsa ne kan cewa yaro zai iya alfahari da asalinsa kuma ya yi fice a karatu a lokaci guda, kuma babbar cutar da ya yaƙa ita ce malamai masu tausayin da ba sa tsammanin komai daga yaran. Tausayi irin wannan ya fi zagi lahani, don ba a ganin sa balle a yi faɗa da shi. Shirin CareerTrackers, da aka fara a 2009, yana sa ɗaliban jami'a Aborijinawa a bankuna da kamfanonin lauyoyi da na gine-gine su yi aikin koyo ana biyansu lokacin hutu. Wani zai ce ina al'ada a nan. Tana wurin haɗa su da juna, da na gaba da ke riƙe hannun na baya, don kada yaro ya zama shi kaɗai ne baƙar fata a bene na talatin.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne, aiki aiki ne, kuma a lunguna babu shi, don haka gaskiyar da za a faɗa wa matashi ita ce ya tashi ya nema. Ba a raina wannan magana, domin cikin masu yin ta akwai Aborijinawa masu nauyi. Noel Pearson na Cape York ya daɗe yana cewa kuɗin tallafi na zaman banza ya kashe zuciyar mutanensa, yana kuma kira ga matasa su riƙa fita karatu da aiki suna zagayowa gida, kada fita ta zama rabuwa. Marcia Langton ta yi jayayya cewa kamfanonin haƙar ma'adinai sun samar wa Aborijinawa masu matsakaicin hali fiye da yadda masu sukarsu ke son yarda. Da gaskiyarsu a nan. Amma a watan Mayun 2020 kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan a yankin Pilbara na yammacin ƙasar, inda aka samu shaidar zaman mutane ta shekara 46,000, don faɗaɗa ramin tama. Saurayin da ke tuƙa babbar motar wannan kamfani yana karɓar albashin da ubansa bai taɓa mafarki ba, yana kuma komawa gida ya zauna da dattawan da ke kuka. Mai ba da shawara ba shi da hurumin ce masa ya shiga ko kada ya shiga. Aikinsa ya buɗe maganar, ya bar yaron da danginsa su auna. A Arnhem Land dangin Gumatj sun warware nasu ta wata hanya, suka buɗe ramin haƙar ma'adinin da ake yin alminiyam da shi a Gulkula, mallakinsu, tare da wurin horar da matasansu.

Manya kuwa an fi mantawa da su, kuma matsalarsu sau da yawa ba ta rashin sanin abin da suke so ba ce. Mutum mai shekara 35 ya iya gyaran kowace irin mota, amma ba shi da lasin tuƙi, saboda ba shi da takardar haihuwa, ko tarar da ya kasa biya ta sa an dakatar da shi. Ya yi tuƙi ba lasin, tunda babu motar haya a inda yake, aka kama shi, yanzu yana da tarihin ɗauri. Sama da kashi ɗaya cikin uku na manyan da ke gidajen yarin ƙasar Aborijinawa ne, daga al'ummar da ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Wane gwajin hali ne zai warware wannan? Abin da yake buƙata mutum ne da zai bi shi ofis ofis har takardu su fito. Akwai kuma matan da suka shekara ashirin suna renon jikoki da 'ya'yan dangi, suna fassara wa likita da ɗan sanda kyauta, suna sasanta rigima. Idan aka ce su rubuta ayyukan da suka taɓa yi, sai su bar wurin fari fat. Mai ido zai ga tafinta, da mai kula da yara, da mai sulhu, ya nemi hanyar da za a auna abin da suka riga suka iya a ba su shaida a kai. Abin takaici, abin da aka fi yi shi ne tura mutane kwas bayan kwas. A ƙauyuka da yawa akwai masu tarin takardun shaida a cikin leda, na walda, na tuƙin injin ɗaga kaya, na ba da agajin gaggawa, ba wanda ya taɓa kai su ga albashi, yayin da 'yan kwangila daga birni ke zuwa su gina gidajen garin su tafi.

Samun aikin ma ba shi ne ƙarshe ba. A binciken Gari Yala na 2020, wanda ya ji ta bakin ma'aikata Aborijinawa sama da 1,000, kashi 38 sun ce an nuna musu rashin adalci a wurin aiki saboda asalinsu, kashi 44 sun ce sun ji kalaman wariya. Akwai kuma wani nauyi da ba a biyan kuɗinsa: kai kaɗai ne ɗan Aborijin a ofis, don haka kai za ka shirya bikin makon al'ada, kai za ka amsa kowace tambaya kan mutum dubu ɗari takwas masu harsuna sama da ɗari, kai za a sa a hoton rahoton shekara. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoban 2023, inda kimanin kashi 60 suka ƙi a ba Aborijinawa majalisar ba da shawara a tsarin mulki, waɗannan ma'aikata sun koma ofis ranar Litinin sun zauna da abokan aikin da mafi yawansu suka ce a'a. Duk shirin da ke gyara yaro don ya dace da wurin aiki, bai taɓa wurin aikin ba, rabin aiki ya yi.

Abin da ya rage shi ne wa ke riƙe da kuɗi. Yarjejeniyar 2020 ta ce za a raba iko da ƙungiyoyin Aborijinawa, a kuma ƙarfafa hukumomin da suke gudanarwa da kansu. A farkon 2024 hukumar da gwamnati ta ɗora wa bibiyar alkawarin ta fito ta ce galibin gwamnatocin ba su sauya yadda suke aiki ba. A fagen sana'a ana ganin haka ƙarara. Ana ba da kwangilar shekara biyu ko uku, ana biyan kamfani idan mutum ya kai mako 13 ko 26 a bakin aiki, daga nan ba ruwan kowa. Kafin dattawan gari su gama sanin halin jami'i har su saki jiki da shi, kwangila ta ƙare, an kawo sabo. Tsarin samar da aikin yi da aka fara a ƙauyen Aborijinawa na Bamyili a 1977 ya bar al'umma ta tsara ayyukanta da kuɗin tallafin 'ya'yanta. Wanda aka kawo daga baya a 2015 ya tilasta wa mutanen lunguna aikin sa'a 25 a mako, fiye da abin da ake nema daga marasa aiki a birni, ya kuma yi ta yanke musu tallafi idan sun yi fashi. A 2024 gwamnati ta ware dala miliyan 707 don samar da guraben aiki na gaske guda 3,000 a lunguna, da cikakken albashi da hutu, kuma al'ummomi ne za su faɗi irin aikin da suke so. Wannan mataki ne mai kyau, ya fi duk wani sabon littafin horar da masu ba da shawara. Sai dai mutanen da ke cikin shirin 2015 a lokacin sun haura 30,000, don haka ko an cike guraben nan duka, tara cikin goma suna nan suna jira.